Ƙusa ta Uku a Bangon Falo

A bangon falon Malam Idirisu, a wata unguwa da ke gindin duwatsun Dutse, akwai ƙusoshi uku da ya buga da hannunsa a rana guda. Biyu suna ɗauke da hotuna a cikin gilashi: Ziyad da hularsa ta sallah, Ruwaida da ɗankwalinta mai ruwan goro. Ta ukun ta daɗe ba komai a kanta, har ta fara tsatsa. Duk sanda ya shigo falon sai idonsa ya sauka a kanta, duk sanda ya sauka kuma sai ya kawar da kai, ya ce wa ransa gobe. Wurin hoton Mashkura ne, autar gidan, kuma shi ne ya bar shi haka.

Kamarar da ya ɗauki hotunan da ita kyauta ce daga abokan aikinsa ranar da ya yi ritaya. Mutum ne da bai samu haihuwa da wuri ba, furfura ta cika masa gemu alhali 'ya'yansa suna firamare. Ya ƙudura a ransa cewa zai koyi ɗaukar hoto, ko don ya bar musu fuskokinsu na ƙuruciya idan ta Allah ta kasance.

Ranar ƙaramar sallah, bayan an sauko daga idi, ya jera su a bakin ƙofar falo. Rana tana ƙwallewa a tsakar gida a bayansu, shi kuma yana daga ciki, a inuwa. Ziyad da Ruwaida farare ne kamar uwarsu Kubura. Mashkura, 'yar shekara bakwai, baƙa ce kamar ubanta. Da ya danna, ya duba ɗan allon bayan kamarar, sai ya ga manyan biyu sun fito dishi-dishi, ita kuwa babu komai nata sai fararen idanu da haƙora.

"Kai, Mashkura!" ya ce yana dariya. "Ina kika shiga? Ai ke ba ki fito ba."

Yarinyar ta yi ɗage ta leƙa. "Baba, ina nan fa. Ga haƙorana."

Aka yi dariya. Ya tura hoton guruf ɗin dangi a waya, kafin azahar an gama wasa da shi. Wani ya rubuta, "Malam, an ɗauke wuta ne a gefen autar?" Wani ya ce a kunna mata fitila. Hajiya Adawiyya, yayar Kubura, wadda take sayar da kayan kwalliyar mata daga gidanta a Jahun, ta rubuta magana ɗaya tak: "Wannan sai an taimaka mata."

Kubura ba ta yi dariya ba. Ta karanta, ta kife wayar a kan tabarma, ta tashi ta shiga kicin.

Hotunan ɗai-ɗai da ya ɗauka a wuri guda, na manyan biyu ya kai aka wanke aka sa a gilashi. Na Mashkura ya ce sai an sake.

Bayan sallah da 'yan kwanaki Hajiya Adawiyya ta zo daga Jahun, ta bar wata farar roba marar suna a kan madubin Kubura. Washegari da safe, Malam Idirisu yana zaune a tsakar gida yana shan kunu, ya ji wani wari mai kaifi kamar na ɗakin magani. Kubura ta tsayar da Mashkura a gabanta bayan wanka, tana murza mata wani mai ruwan madara tun daga goshi har ƙafa.

"Umma, yana yi mini zafi."

"Yi haƙuri. Aiki yake yi."

"Wane mai ne wannan?" ya tambaya.

"Man kaɗe ne da ɗan haɗi," Kubura ta ce, ba ta ɗago ba. "Na yara ne, Malam. Dauɗar fata kawai yake cirewa."

Ya buɗe baki, sai ya tuna daga hannun wa robar ta fito. Yayar matarsa ce, wadda ko sunanta ba ya faɗa kai tsaye, wadda ta tsaya a kan aurensa lokacin da wasu suke cewa ya tsufa. Ya ce wa ransa sha'anin fata da kwalliya sha'anin mata ne. Ya ƙarasa kununsa.

A cikin waɗannan makonnin ne yake zama a inuwar dabinon ƙofar gida yana kallon bidiyon koyar da ɗaukar hoto a wayarsa. Wata rana mai koyarwar ya yi magana a kan kuskuren da kusan duk ɗan koyo yake yi: tsayar da mutum rana tana bayansa. Ya ce kamara tana auna hasken da ya fi ƙarfi ne, sai ta bar fuska cikin duhu, kuma wanda fatarsa ta fi duhu shi ya fi ɓacewa. Ya ce a juya mutum ya fuskanci haske mai laushi, a bakin taga ko ƙofa, da safe.

Malam Idirisu ya tsayar da bidiyon. Ya buɗe hoton sallah, ya ga farar ranar nan tana ci a bayan 'ya'yansa. Ashe yarinyar ba ta ɓace ba. Shi ne ya tsayar da ita a inda ba za ta fito ba.

Ya shiga gida da niyyar ya faɗa musu kuskurensa. Ya tarar da Kubura tana yi wa Mashkura kitso, tana juya fuskarta tana nuna wa maƙwabciya.

"Kin gani? Ta fara washewa."

"Tubarkalla! Kamar ba ita ba."

Mashkura tana murmushi, irin murmushin yaron da bai saba a yabe shi ba. Ta hango shi. "Baba, ɗauke ni hoto. Umma ta ce yanzu zan fito."

Ya ɗauke ta, a daidai hasken da aka koya masa. Hoton ya fito tas. Kubura ta karɓi wayarsa bayan ya kwafe shi daga kamarar, ta tura guruf, yabo ya yi ta zuba. Abin da ya fi damunsa daga baya shi ne, a wannan yammacin shi ma ya ji daɗin yabon, domin har da gwanintarsa aka yaba. Maganar rana da inuwa ta koma cikinsa ta kwanta.

Kamara tana da wani hali da ido ba shi da shi: tana janyo abu kusa, kuma ba ta jin kunya. Da ya zauna shi kaɗai ya faɗaɗa hotunan da yake ɗauka, sai ya fara ganin abin da ake wucewa a tsakar gida. Fuskar ta yi haske, amma haske ne marar jini, kamar na takarda. Gaɓoɓin yatsunta da gwiwar hannunta sun ƙara baƙi. A kumatunta wasu siraran jijiyoyi jajaye sun fito fili. Bayan wani lokaci sai ga ƙananan ƙuraje a wuyanta, sai ga wani gashi mai laushi a gefen fuskarta inda da babu. Ya riƙa goge irin waɗannan hotunan da sauri, kamar wanda yake ɓoye sata.

Da damina ta faɗi, fuskar Mashkura ta kumbura ta yi zagaye kamar faifai. Hannayenta da ƙafafunta kuwa sai ƙara sirancewa suke yi.

"Ta yi ƙiba," in ji Kubura. "Hutu ne ya karɓe ta."

Amma yarinyar da take tsere da Ziyad har bakin masallaci yanzu ba ta iya zuwa Islamiyya ba ta tsaya ta huta ba. In rana ta taɓa ta sai ta rufe fuska da hijabi ta ce tana ƙuna. Ta daina fita wasa. Ruwaida ce ta faɗa masa dalili, a hankali, tana wasa da bakin zaninta: yara suna kiran ta mai kala biyu.

Wata Asabar Hajiya Adawiyya ta sake zuwa da sabuwar roba. Malam Idirisu ya gaishe ta a falo, ya tambayi mutanen Jahun da yanayin shuka, ya yi ta zagaye har gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Daga ƙarshe ya ce, idonsa a ƙasa:

"Hajiya, da ma maganar man nan ne. Ina ganin kamar yana wahalar da yarinyar."

"Wahala?" Ta gyara mayafinta. "Malam, ai tsohuwar fata ce take fita. Kowa da ya fara sai ya bi ta nan. 'Ya'yana na cikina na shafa wa, ga su nan ƙalau. Zan cuci 'yar ƙanwata ne?"

"Ba haka nake nufi ba. Fuskar ce ta kumbura."

"Ka taɓa jin an kai yaro asibiti don ya yi kumatu?" Ta yi 'yar dariya. "Ku maza ba ku san abin da 'ya mace take ji ba in an jera ta da 'yan uwanta ana nuna ta da baki. Gata ake yi mata. Yanzu ne fatarta take da taushi, in ta girma ba zai kama ba."

Ya juya ga matarsa. Kubura tana tsaye a bakin ƙofa, idanunta sun yi ja.

"Malam, ni ce na ce ba ta fito ba?" ta ce. "Ni na tura wa dangi suka yi mata dariya? Dubi bangon nan. 'Ya'ya uku na haifa maka, biyu ka rataya. Kullum yarinyar nan sai ta tsaya a ƙarƙashin ƙusar nan ta ɗaga kai. Ni uwa ce, me kake so in yi?"

Yana da amsa, amma faɗinta yana nufin ya ce a gaban yayar matarsa duk wannan abu daga kuskurensa ya taso, kuma ya daɗe da sani. Ya ce, "To, a rage yawansa," ya ɗauki hularsa ya fita.

Ba a rage ba.

Wata rana Mashkura ta yi tuntuɓe a ƙofar gida, ƙayar dabino ta karce ta a ƙwauri. Karcewa ce da kowane yaro yake samu ya manta kafin magariba. Tata fatar sai ta yage kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Aka wanke, aka ɗaure. Mako ya zagayo ciwon bai rufe ba, sai faɗi yake yi, bakinsa yana ruwa. Kubura ta ce ƙudaje ne na damina. Hajiya Adawiyya ta aiko da saƙon murya cewa bakin mutane ne, tunda yarinyar ta yi kyau, a yi mata tofi.

Malam Idirisu ya daina cin abinci sosai. A sahun salla sai ya rasa raka'ar da ake ciki. Ya riƙa leƙa ɗakin yaran da rana tsaka in tana barci, yana kallon ƙirjinta ya tabbata yana motsi. Ya san abin da ya kamata ya yi. Tsoro biyu ne suka riƙe shi: tsoron abin da yake cin 'yarsa, da tsoron abin da likita zai tambaye shi.

Da hantsin wata Talata, Kubura ta tafi barka, manyan yaran suna makaranta. Mashkura ta zauna a gida saboda ƙafar. Ya shigo daga waje sai ya ji warin nan. Ya ɗaga labulen ɗakin Kubura.

Tana zaune a ƙasa gaban madubi, robar a buɗe tsakanin ƙafafunta. Ta ɗebo man da yawa tana murza shi da ƙarfi a kan gaɓoɓin yatsunta, tana cije leɓe, hawaye suna bin kumburarrun kumatunta, amma ba ta fasa ba. Ta ɗage rigarta, sai ya ga cinyoyinta da gefen cikinta duk nankarwa, jajaye, irin wadda bai taɓa gani a jikin yaro ba.

"Mashkura! Me kike yi?"

Ta firgita, ta ɓoye hannayen a bayanta. "Baba, nan ne ya ƙi. In nan ya yi fari shi ke nan na gama." Ta haɗiye kuka. "Sai ka sa hotona."

Ya durƙusa a gabanta. Da ya taɓa goshinta ya ji shi kamar garwashi. Bai jira Kubura ba. Ya goge mata hannu da rigarsa, ya jefa robar a aljihu, ya saɓa ta a kafaɗa, ya fita titi yana ɗaga wa mai adaidaita hannu. A hanya ta yi lamo a jikinsa, ba nauyi, kamar ya ɗauko zani. Ya riƙa kiran sunanta a kai a kai don ta amsa.

Likitar da suka tarar a asibiti mace ce, ba ta kai shekarunsa ba. Ta duba ciwon, ta duba fuskar, ta buɗe robar ta sansana, sannan ta dube shi.

"Baba, tun yaushe ake shafa mata wannan?"

"Tun bayan ƙaramar sallah."

"Kana gidan?"

Wannan ce tambayar da ya yi watanni yana gudu. "Ina gidan," ya ce.

Ba ta yi masa faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce irin wannan haɗin yawanci akwai magani mai ƙarfi a ciki, wanda ko babba ba a ba shi sai da ƙa'ida, kuma fatar yaro tana shanye shi ya shiga jini. Kumburin fuskar ba ƙiba ba ce. Maganin ne ya cinye ƙarfin fatar, shi ya hana ciwon warkewa har ƙwayoyin cuta suka shiga. Za a kwantar da ita, a gwada jininta da ƙodarta, a bi ta a hankali, domin jikin ya riga ya saba da shi.

"Za ta warke?"

"Muna fata. Nankarwar dai da wuya ta tafi."

Kubura ta iso ba ko takalmi iri ɗaya a ƙafarta. Ta faɗi a bakin gadon tana riƙe da hannun 'yarta. "Wallahi don ita na yi," take ta maimaitawa. "An ce mini na yara ne. Wallahi don ita na yi." Malam Idirisu ya san gaskiya take faɗa, kuma ya san gaskiyar ba ta rage ciwon ko kaɗan ba.

Yana zaune a barandar asibitin washegari, wata mata da take jinyar ɗanta ta leƙa ɗakin, ta dawo ta dube shi.

"Baba, wannan ba ita ce yarinyar tallan mai ba?"

Ta miƙo masa wayarta. Hotuna biyu ne a jere. Na hagu shi ne na ranar sallah, an yanke manyan yaran, an bar duhu da idanu da haƙora. Na dama shi ne wanda ya ɗauka a haske mai kyau, ranar da aka yabe shi. A ƙarƙashinsu an rubuta "Da" da "Yanzu", da lambar Hajiya Adawiyya. Matar ta ce hoton ya zaga Jahun da Kafin Hausa, ita ma ta yi niyyar saya wa tata.

Ya kira lambar.

"Hajiya, ki cire hotunan 'yata."

"Haba Malam, ai a guruf na gani, ba sata na yi ba. Kuma ciwon nan ƙaddara ce. Wasu jikinsu ba ya karɓa, ba laifin mai ba ne."

"Na farkon ƙarya ne," ya ce, kuma wannan ne karo na farko da ya ɗaga mata murya. "Rana na sa a bayanta. Kuskurena ne, ba fatarta ba. Na biyun ma hasken na gyara. Ki cire."

Ta ce za ta duba. Ko ta cire, ya san hoton ya riga ya shiga wayoyin da ba zai taɓa gani ba, kuma a wani gida a safiyar nan wata uwa tana tsayar da 'yarta bayan wanka tana ce mata ta yi haƙuri, aiki yake yi. Babu wadda za ta yi haka don ƙiyayya. Dukansu don so suke yi, bayan an gama yi wa yarinyar dariya a gaban uban da ya taya dariyar.

An sallamo Mashkura ana fara girbin gero. Ƙodar ta tsira. Kumburin ya fara sauka, fatar tana komawa, amma ba gaba ɗaya ba: wani wuri ya fi da baƙi, wani wuri ya tsaya fari-fari. A ƙwaurinta tabo ya zauna. Kubura ta daina zuwa Jahun, ta daina yawan magana. Yarinyar kuwa da ta hango kamara sai ta shige bayan ƙofa.

Wata safiya, rana ba ta yi zafi ba, ya ɗauko kujera 'yar tsugunno ya ajiye a cikin zaure, daf da ƙofa, inda haske yake shigowa a kwance. Ya kira ta. Ta zo tana jan ƙafa, ta ja hijabi har kan hancinta.

"Zauna nan, Autata. Ki kalli waje."

"Baba, ba zan fito ba. Man ya tafi."

Ya tsuguna har idonsa ya yi daidai da nata, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Ki saurare ni. Ranar sallah kin fito. Ni ne ban iya ba. Na tsayar da ke rana tana bayanki, sai kamara ta ga rana ba ta gan ki ba. Na gane haka tuntuni, ban faɗa miki ba. Ki yafe mini."

Ta kalle shi, kamar tana auna ko wasa ne irin na da. Sannan ta sassauta hijabin.

Ya danna sau ɗaya. Bai goge komai ba, bai ƙara haske ba. Da yamma ya dawo daga wurin mai wankin hoto da gilashi a hammata. Kubura tana tsaye a ƙofar kicin, manyan yaran sun daina abin da suke yi. Ya goge tsatsar ƙusar da babban yatsansa, ya rataya, ya daidaita shi da na 'yan uwanta.

Mashkura ta jawo kujera ta hau, ta matsa har numfashinta ya dusashe gilashin. Ga goshinta, ga tabon fari a kumatu, ga idanun, ga baƙar fatar ubanta tana sheƙi a hasken safiya. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ɗora yatsa a kai, yatsan nan mai baƙar gaɓa, ba ta waiwayo ba.

"Umma," ta ce, "zo ki gani. Ni ce."